Yadda Na Tayar da Motar Babanku

Na san abin da ake faɗa muku duk lokacin da kuka je Fadan Kagoma. Ana cewa uwarku ta tsaya gaban maza ta kunyata wan babanku, ta kwashe ku a mota ta gudu. Rabin maganar gaskiya ne. Na tsaya gaban maza, na kuma kwashe ku. Amma ban gudu ba. Da hantsi na tafi, jama'a na kallo, kuma motar nan ko na so ta yi gudu ba za ta iya ba. Tunda idona ya fara rauni, gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina ganin layin takarda.

Babanku, Malam Yohanna, hedimasta ne a wata firamare a Kafanchan. Shi mutumin Kagoma, ni Bajju daga wajen Zonkwa, yarenmu ba ɗaya ba, shi ya sa Hausa muke yi a gida. Motarsa tsohuwa ce tun ranar da ya saye ta a hannun wani ma'aikacin reluwe da ya yi ritaya. Ruwan toka ce, ƙofar baya ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Kowace Asabar sai ya buɗe bonet ya kira ni in riƙe masa sifana, kuma shi malami ne har cikin ƙashinsa, ba ya iya taɓa abu bai yi bayaninsa ba. Na sha yi masa ƙorafi cewa tuwona zai ƙone. Sai ya yi dariya ya ci gaba.

"Rifkatu, inji abu uku yake nema: wuta, iska da mai. In ya ƙi tashi kada ki yi fushi da shi. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ga wanne ya rasa."

Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon makaranta, ran Lahadi bayan an tashi daga sujada. Da ciwo ya kama shi, mako shida muka yi a asibiti, ina zaune a gefen gadonsa, har Ubangiji ya kira shi. Ke Hannatu shekararki tara a lokacin, Iliya shida, Ladi ko yaye ta ban gama ba. Motar kuwa ta tsaya a gindin mangwaro inda ya ajiye ta. Sama da shekara guda ban iya ko kallonta ba. Kakarku, mahaifiyarsa, ta baro Kagoma ta zo ta zauna da ni. Mama nake ce mata. Hausarta ba ta san mace da namiji ba, kowa da komai namiji ne a bakinta, amma ban taɓa zama da mutum mai gane abin da ke zuciyata kamarta ba.

A shekarar da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta aka shiga neman malamai ko'ina. Ina da takardar malanta, sai na nema, aka ba ni aji a Zonkwa har da gida mai ɗaki biyu. Labari ya kai Kagoma. Ran wata Litinin, damina ta kusa ƙarewa, sai ga Baba Dauda, wan babanku, da maza huɗu na dangi. Ya biya ya ɗauko Baba Ishaku, dattijon ikilisiyarmu, don ya zama shaida. Aka shimfiɗa tabarma, aka yi addu'a, sannan Baba Dauda ya gyara murya.

"Matarmu, mun zauna mun gama magana. Hannatu da Iliya za su koma gida wurina. Ladi ta zauna da ke sai ta yi wayo. Aikin malanta kuma ba mu hana ki ba."

Na ce, "Baba, yaran nan tare za su tashi, kuma a hannuna."

"Da me za ki riƙe su? Dubi motar ƙanena can. Shekara guda tana ruɓewa a hannunki, kaji na ƙwai a ciki. Anto bakanike ya duba ya ce injin ya mutu. Ƙarfe ma kin kasa riƙewa, balle mutum. Ranar da motar nan ta tashi ta ɗauke ku, ranar zan yarda ki tafi da su."

Mazan suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na juya wajen dattijo na ce, "Baba Ishaku, ka ji abin da ya faɗa?"

"Na ji, 'yata, amma ai wasa yake yi."

"Baba Dauda, wasa kake yi da 'ya'yan ƙanenka a gaban dattijon ikilisiya?"

Baba Dauda mutum ne da ba ya janye magana in ta fita gaban mutane, kuma na san haka. Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce, "Ba na wasa. Ran Asabar zan zo da babbar mota in kwashi yara da kayan ƙanena. In ta tashi kafin nan, ki tafi."

Kuna iya tambaya me ya hana ni kama hannunku mu shiga jirgi, tunda ga tasha nan kusa, jirgin kuma yana tsayawa a Zonkwa. Na yi wannan tunanin. Amma da na yi haka, da sun biyo ni har aji sun ɗauke ku, kowa kuma zai ce suna da gaskiya. Ban yarda in saci 'ya'yan da na haifa ba. Na fi so in fita ta ƙofa, da izinin da ya fito daga bakinsa.

Ran Talata da safe na sa tsohon wandon babanku, na ɗaura zane a kai, na kori kaji, na buɗe bonet. Ɓeraye sun yi sheƙa kusa da batir, gizo-gizo ya rufe komai. Batir ɗin ya mutu murus, na kwance shi na ɗora a kai na kai wurin masu caji a bakin kasuwa, sai washegari na karɓo. Da na murɗa makulli inji ya juya, ya yi ta juyawa, amma bai tashi ba. Na fara da wuta. Sai dai ana bukatar mutum biyu, ɗaya ya murɗa, ɗaya ya duba, kuma babu maƙwabcin da yake son a ce ya sa hannu a maganar dangi. Ina tsaye ina tunani, sai Mama ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa ta taso.

"Nuna mini inda zan taɓa," in ji ta.

"Mama, Baba Dauda zai ji."

"Ni na haife shi. Nuna mini."

Tsohuwar da ba ta taɓa zama a gaban mota ba ta hau kujerar direba, ƙafarta ba ta kai ƙasa. Na zare wayar fulogi ɗaya na riƙe ta kusa da jikin inji, na ce ta murɗa. Wutar ta bi ta hannuna har kafaɗa, na yi ƙara na faɗi zaune a ƙasa. Mama ta leƙo ta taga a firgice.

"Ya cije ka?"

Ina dariya ina hawaye na ce, "Ya cije ni, Mama. Yana da rai."

Na cire murfin iska, na wanke ƙurar da ke ciki. Sannan na yi abin da na sha ganin babanku yana yi: na zuba fetur cikin murfin kwalba, na tsiyaya shi kai tsaye a maƙogwaron kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska kafin su shiga inji. Mama ta murɗa. Inji ya yi tari, ya ɗauka da ƙarfi har ganyen mangwaro ya zubo, sai kuma ya mutu. Numfashi uku kawai ya yi, amma ya gaya mini duk abin da nake son ji. Akwai wuta, akwai iska. Mai ne ba ya isowa. Motar nan ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji.

Na bi hanyar man tun daga tushe. Da na buɗe bakin tanki, warin da ya bugo ni ba na fetur ba ne, kamar na tsohon fenti. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin mota, na kwance ƙusar gindin tanki, na tara kwano. Abin da ya zubo ja ne kamar dusar burkutu, ruwa a ƙasa, ɓarɓashin tsatsa na yawo a ciki. Ina kwance a nan sai wata daga cikin shugabannin zumuntar matan ikilisiyarmu ta shigo. Ƙafafunta kawai nake gani.

"Maman Hannatu, me ke nan? Matar da mijinta ya rasu, da wandon namiji, a ƙarƙashin mota? Duk unguwa maganarki ake yi. Ki bar wa Ubangiji mana."

Na ce mata, "Ubangiji ne ya ba ni hannu biyu. In taimako kika zo, riƙe mini kwanon nan. In kallo ne, ki matsa, kin tare mini haske."

Ta fita, kuma ba ta ƙara gaishe ni ba. Na ɗauraye tankin da sabon fetur sau uku har ya fito fari. Daga nan sai siririn bututun ƙarfe da ke ɗauko mai daga baya zuwa gaba. Na kwance bakinsa na hura, kumatuna suka cika, iska ba ta wuce ba. Na ciro wayar birkin tsohon keken babanku na yi ta zura ta ina juyawa, baƙin dauɗa mai danƙo yana fitowa. Sannan na haɗa famfon keken a bakin bututun, na naɗe da tsumma, na ce Mama ta je ta kanga kunne a bakin tanki. Na buga, na buga, gumi na shiga mini ido. Can sai na ji abu ya sake a hannuna.

"Yana tafasa!" Mama ta ɗaga murya. "Ciki yana tafasa!"

Na kwana da murna, ina ganin an gama. Ran Alhamis na mayar da komai, na zuba mai, muka murɗa. Shiru. Muka sake, har batir ya fara ja da ƙyar. Na zare tiyon da ke shiga kafireta na sa bakinsa a kwalba, Mama ta murɗa, ko ɗigo bai fito ba. Abu ɗaya ya rage tsakanin bututu da kafireta, wato famfon mai, ɗan abu kamar gwangwanin madara a jikin inji. Na kwance shi na buɗe. A ciki akwai wata roba mai faɗin tafin hannu wadda ke sama da ƙasa tana jawo mai. Ta bushe, ta tsage gida biyu.

Na ƙulle ta a gefen zane na tafi garejin Anto. Ya juya ta a hannunsa, ya dube ni, ya dubi baƙin man da ke farcena.

"Madam, ke kika ciro wannan?"

"Ni ce. Kai da ka ce injin ya mutu, me ka gani a ciki?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban buɗe ba. Na murɗa, ta yi shiru, na faɗa wa Baba abin da na ga yana son ji. Wannan robar kuma babu ita a Kafanchan. Sai an aika Jos, mako guda ko biyu."

"Jibi nake bukata."

"To, Madam, ki yi haƙuri. Ba famfo, ba mai. Ba yadda za a yi."

Tun rasuwar babanku ba na bin hanyar asibiti, zagayawa nake yi. Ran nan ƙafata ta mutu, zuciyata ta mutu, ban san na biyo ta nan ba sai da na ga kaina a jikin shingen. Na tsaya. Ta tagar ɗakin maza ina hango wani mara lafiya a kwance, an rataya masa kwalbar ƙarin ruwa a kan ƙarfe. Mako shida na yi ina kallon irin wannan kwalbar a kan babanku, ina bin ɗigon da ido. Na tsaya ina kuka a bakin hanya, mutane na ratsa ni. Cikin kukan ne abin ya faɗo mini. Kwalbar nan ba ta da famfo. Ruwan da kansa yake sauka, don an rataye shi sama da mutumin. Na share fuska da bakin zane na juya kasuwa, na sayi tiyo doguwa siririya.

Ran Jumma'a na wanke galan ɗin ƙarfe, na cika shi da fetur, na ɗora a kan ƙarfen ɗaura kaya na rufin mota, na ɗaure shi tam da robar tayar keke. Na huda murfin na zura tiyo har ƙasa, na biyo da ita ta gefen gilashi zuwa cikin bonet. Na tsotsa da baki har fetur ya cika mini baki, kwana biyu ina jin ɗanɗanonsa a tuwo. Na tofar, na cusa tiyon a kafireta. Sai mai ya fara ambaliya yana zuba a kan inji. Na yi maza na lanƙwasa tiyon na ɗaure. Na buɗe saman kafireta, na tarar da 'yar allurar da ke tsayar da mai in ya cika ta manne da danƙo. Na jiƙa ta, na goge, na bi ƙananan ramukan da gashin kaza ina hurawa. Na mayar, na goge duk inda mai ya zuba, na kore ku can bakin rijiya, na jira har ya bushe, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye mu da motar. Wannan karon ni na zauna a kujerar. Na taka totur sau biyu na murɗa. Ta yi tari. Ta sake. Sai ta kama, ta riƙe, baƙin hayaƙi ya cika tsakar gida. Mama ta tsaya cikin hayaƙin ta ɗaga hannu sama tana waƙar yabo da yarensu.

Ran Asabar da hantsi Baba Dauda ya iso da babbar mota. Ya tarar na riga na ɗaure katifu da tukwane, ku uku kuna zaune a baya da kayan zuwa majami'a. Unguwa duk ta fito. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya yana kallon galan.

"Wannan ba gyara ba ne. Wannan wayo ne."

"Baba, ba ka ce in gyara ta ba. Ka ce ta tashi ta ɗauke mu."

Na shiga na murɗa. Ta juya, ba ta kama ba. Na sake, haka. Wani cikin mazan ya yi dariya, direban babbar motar ya fara sauke ƙofar bayansa. Hannatu, na ji kin kama wuyan rigata ta baya. Na fito, na bi tiyon da ido tun daga rufi. Bakin bonet ne ya danne ta lokacin da na rufe. Na ɗaga, na sa ɗan guntun itace ya tokare, na ga mai ya gangara. Na koma na murɗa, ta tashi.

Baba Ishaku ya matso ya ce, "Dauda, da kunnena na ji ka. Ka bar ta."

Baba Dauda ya sunkuyo ta taga. Bai ɗaga murya ba, kuma idonsa ya yi ja, don shi ma ƙanensa yake gani a fuskar Iliya. Wannan ban taɓa musu ba.

"In kika fita ƙofar nan da su, ba su da gona a Kagoma, ba su da ɗaki. Kada ki aiko, kada ki zo."

"Na ji, Baba."

Ya juya ya ce wa Mama ta ɗauko kayanta ta shiga babbar mota. Ɗanta ne, gidansa ne gidanta, ba ta da inda za ta ce a'a. Ta zo ta shafa kanku ɗaya bayan ɗaya. Ta kama hannuna a kan sitiyari ta matse.

"Tafi, ɗana. Kar ka tsaya."

Na sa giya. A hankali muka tafi, kamar masu rakiyar amarya. A Madakiya na tsaya na hau bonet na ƙara mai a galan, 'yan kasuwa na nuna ni. Kafin rana ta take muna Zonkwa.

Ba zan ɓoye muku abin da tafiyar nan ta ci ba. Baba Dauda ya cika maganarsa kamar yadda ya cika ta farko. Na aika da gaisuwar Kirsimeti da shinkafa, aka dawo da ita ba a kwance ba. Kun tashi ba ku jin yaren babanku. Iliya, gonar cittar da ta kamata ta zama taka, ɗan wani ke nomanta har yau. Ni na jawo muku wannan, na sani, ba kuma zan ɗora wa kowa ba. Amma kun tashi a ɗaki ɗaya, kuna cin tuwo a kwano ɗaya, kowannenku ya yi karatu har inda kansa ya kai. In aka mayar da ni gindin mangwaron nan, zan sake shiga ƙarƙashin motar.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Mama. Bayan shekara biyu ta rasu, ba a aiko mini ba. A kasuwar Zonkwa na ji, a bakin wata mai sayar da citta, mako uku bayan an binne ta. Ban shiga gida na yi kuka ba. Na ɗebo ku daga makaranta, na zuba ku a mota, na kama hanyar Fadan Kagoma. A lokacin na riga na sa sabon famfo. Na tsaya daidai ƙofar gidan. Baba Dauda na zaune a kan kututture yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tsufa ƙwarai.

"Wa ya kira ki?"

"Ba wanda ya kira ni, Baba. Jikokinta na kawo su ga inda aka kwantar da ita. In ka nuna mana, to. In ba ka nuna ba, zan bi gida-gida ina tambaya."

Ya daɗe yana kallonku. Sannan ya ajiye fartanyar, ya tashi ya wuce gaba ba tare da ya ce mu biyo shi ba. Muka bi shi ta bayan rumbuna har gindin wata ɗorawa. Na durƙusa da ku muka yi addu'a, shi yana tsaye nesa kaɗan, hularsa a hannu. Bai ba mu ruwa ba, ni ma ban roƙa ba. Da muka koma mota ya biyo mu, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya bar shi nan.

"Har yanzu tana tafiya?"

Na ce, "Tana tafiya, Baba."

Ya ɗauke hannunsa, ya ja da baya ya ba mu hanya.